Rasuwar da Aka Ɓoye wa Baba Kafinta

Duk wanda ya san Mai Aski ya san Allah bai halicce shi da murfin baki ba. Tun yana ƙarami, in aka aike shi sayen ashana sai ya dawo da ashana da labarin gida uku. Da ya girma ya koyi aski, sai sana'a ta zo daidai da hali, don mutumin da ka ɗaura wa ƙyalle a wuya ka ɗora wa reza a ƙeya ba shi da inda za shi, dole ya saurare ka. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa hagu, da madubin da ya tsage a kusurwa, da bencin masu jiran layi. A kan bencin nan ake jin wanda ya yi aure, da wanda aka kora daga aiki, da wanda ya sayi mota alhali rufin ɗakinsa na yoyo. Amma a yi masa adalci, surutu ne da shi, ba ƙarya ba. In bai ga abu da idonsa ba zai ce bai gani ba, sannan ya ci gaba da magana a kai har a gama askin.

To wannan bawan Allah, a duk faɗin dangi, shi aka zaɓa aka ɗora wa ƙarya ya riƙe. Abin da ban haushi, kuma har gobe bai daina ba da haushi ba.

Su huɗu ne a wurin ubansu. Akwai Yaya Babba, yana aikin ofis a wani gari mai nisa. Akwai Yaya Nas, tana aure can kusa da shi, tana aikin asibiti. Sai Mai Aski, sai Auta, direban babbar mota. Manyan biyu aiki ya ɗauke su tuntuni. Ƙananan biyu suka zauna a gidan da uban ya gina, kowa da ɗakinsa da iyalinsa, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya wadda matansu ke faɗa a kanta su shirya kafin kayan su bushe.

Uban kuwa, Baba Kafinta, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan zarto da guduma. Babu ƙofa ko kujera a gidan da ba hannunsa ya yi ba. Da tsufa ya zo, idanu suka dushe har ba ya ganin komai sai inuwar mutum, ƙafafu kuma suka ce ba za su ƙara kai shi nesa da zaure ba. Ranar da matarsa ta rasu ya yanke jiki ya faɗi, aka kwasa zuwa asibiti. Likita ya ce zuciya ce, a riƙa kiyayewa. Wannan "a riƙa kiyayewa" manyan yaran suka ɗauka suka ajiye, kamar sun san ranar da za su yi aiki da ita.

Sai ga shekarar da gari ya rikice. Aka ƙona kasuwa, aka kafa shingaye a kan tituna, aka sa dokar hana fita tun rana ba ta faɗi ba. Mutum ya fita sayen magani a tsare shi a tambaye shi ko shi ɗan wane ɓangare ne, kai ka ce ciwon kai ma yana da ɓangare. Mai Aski ya koma buɗe shago rabin yini, masu zuwa ma aski suke so a yi musu da sauri su gudu gida. Masallacin unguwa sai da rana, magariba da isha kowa a ɗakinsa.

Abin mamaki, a cikin wannan tashin hankalin gidan Baba Kafinta ya samu wata irin natsuwa da bai taɓa samu ba. Tsohon ya ce a riƙa shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Mai Aski ya ja salla, mata da yara a baya, shi Baba a kan kujerarsa. In an sallame sai ya ɗaga hannu ya bi zuriyarsa da addu'a ɗaya bayan ɗaya, daga Yaya Babba har jaririn da ke goye, kowa da irin tasa. Mai jarrabawa a roƙa masa basira, mai tari a roƙa masa sauƙi, mai rashin ji a roƙa masa shiriya, yara su ƙyalƙyale da dariya don sun san wa ake nufi. A waje ana jin ƙarar harbi can nesa, a ciki ana ta amin. Mai Aski da kansa ya ce shi da can salla yake yi irin tsincen kaza, don kada mai jiran aski ya tafi, a tsakar gidan nan ya fara sanin cewa salla tana da ɗanɗano.

Auta bai daina tafiya ba, don ko gari na ci da wuta sai an kai kaya. In yana hanya, Baba kan ce, "Allah ka kai Auta lafiya, ka dawo mana da shi lafiya." Kuma yakan dawo, ya shigo da ƙarar makullai da warin man mota, ya durƙusa ya gai da uban, ya tsokani Mai Aski da cewa shi kaɗai ne mai askin da kansa ke neman aski.

Wata safiya wani direba abokin aikin Auta ya shigo shagon. Bai zauna a benci ba, bai dubi madubi ba, sai ya cire hula ya riƙe. Ya ce an tare hanya, an buɗe wa motoci wuta, Auta na cikin waɗanda ba su tashi ba. Mutanen wani ƙauye ne suka yi musu sutura suka binne su a nan kusa, don babu halin ɗauko gawa.

Mai Aski ya zauna a kan kujerar da ba ya taɓa zama a kai. Da hankalinsa ya ɗan dawo, maimakon ya nufi gida, sai ya ɗauki waya ya kira Yaya Babba, don a ganinsa babba shi ya kamata ya fara ji. Daga nan komai ya karkace.

Yaya Babba ya yi kuka, ba a ce bai yi ba. Da ya share hawaye sai ya ce, "Kada a gaya wa Baba."

"Yaya, ɗansa ne fa."

"Na sani. Jira in haɗa mu da Nas."

Yaya Nas ta shigo layi. Ta ce, "Ka manta ranar rasuwar Inna? Zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Yanzu ko asibiti ba a iya kaiwa cikin sauƙi. So kake mu yi gawa biyu?"

"To har zuwa yaushe?"

"Har abubuwa su lafa," in ji Yaya Babba. "Ka ce motar ta tsallaka iyaka, an rufe hanya, kuma babu layin waya a can. In na samu zuwa, ni da kaina zan zaunar da shi in gaya masa."

Har abubuwa su lafa. Kai ka ce mutuwa kumburi ce da za a shafa wa mai ta saɓe. Tsoronsu gaskiya ne, wannan ba musu, suna son ubansu. Amma wanda ba ya gida shi ya fi kowa iya tsara yadda za a zauna a gida. Sun yanke hukunci, sun kashe waya, kowa ya koma ya yi makokinsa a fili, abokan aiki na zuwa suna yi musu ta'aziyya. Mai ɗaki kuwa, wanda ya san inda ruwa ke zubo masa, aka bar shi da tsoho da gwauruwa da marayu biyu da labarin iyaka.

Matar Auta a gidan maƙwabta aka gaya mata. A can ta faɗi, a can ta yi kukanta, a can aka ba ta ruwa ta wanke fuska, sannan ta dawo ta durƙusa ta ce, "Sannu da hutawa, Baba." A gidan maƙwabta aka karɓi gaisuwar mata, a shagon aski aka karɓi ta maza, ana ta'aziyya ƙasa ƙasa kamar masu cinikin kayan sata. Ita kuma ta shiga takaba a ɓoye, a cikin gidan mijinta, taku kaɗan daga kujerar surukinta. Yaran ƙanana ne, su ma aka haɗa su a labarin iyaka. Haba jama'a, yarinyar da ta rasa miji a hana ta ko ajiyar zuciya mai ƙarfi?

Matar Mai Aski ta zama mai gadin zaure. Duk wanda ya zo gai da Baba sai ta tare shi ta karanta masa abin da zai ce da abin da ba zai ce ba. Mutane suka bi, don kowa na tsoron a ce bakinsa ne ya kashe tsoho. Mutum ɗaya ne ya ƙi, Tsohon Tela, aminin Baba tun suna samari. Ya ce shi ba zai zauna gaban makaho ya yi masa ƙarya ba, kuma ba zai karya maganar 'ya'yan gida ba, don haka sai ya daina zuwa. Baba ya yi ta cigiyarsa, ana ce masa ƙafa ce ta matsa masa. Ga shi an raba shi da ɗa, an kuma raba shi da aboki, duk da sunan kiyaye masa zuciya.

Amma inda abin ya fi ci wa Mai Aski rai shi ne bayan magariba. Baba ya ɗaga hannu, ya bi manya, ya iso kan Auta ya ce, "Allah ka buɗe masa hanya, ka dawo mana da shi lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya." Sai ya ɗan dakata yana jiran amsa. Dole a amsa, don kunnen tsohon ya fi idon wasu, in murya ɗaya ta ɓace sai ya tambaya. Mai Aski ya riƙa cewa amin yana tuhumar kansa. Yaya mutum zai ɗaga hannu gaban Ubangijin da ya karɓi ran nan, ya ce amin a dawo da shi? Wa ake yaudara a tsakar gidan nan? Kuma abin da mamaci ke bukata, gafara da rahama daga bakin ubansa, ko sau ɗaya ba a roƙa masa ba. Ana roƙa masa kyawun hanya, shi kuwa ya daɗe da sauka.

Sallar da ta yi masa ɗanɗano ta koma masa magani mai ɗaci. Ya fara jan gajerun surori don a gama a tashi. A shago bakinsa ya mutu, har wani mai zuwa aski ya ce masa, "Malam, ko dai in dawo ranar da kake nan?" A gida kuwa abu kaɗan sai faɗa. Ya daka wa 'yarsa tsawa don ta bar famfo na zuba, ya yi wa matarsa gori a kan gishiri. Ita kuma ba ta bar ta kwana ba.

"Ni kada ka sauke a kaina," in ji ta. "Ni na ce a mai da gidan nan gidan wasan kwaikwayo? Ka kira yayyenka ka yi musu tsawar, in ka isa."

Ya kira, ba sau ɗaya ba. Kullum amsar guda ce: ka ƙara haƙuri, hanya ba kyau, mun kusa zuwa. Yaya Nas takan ƙara da tambayar ko Baba na shan maganinsa a kan lokaci. Yana sha. Maganin ne kaɗai abin gaskiya da ake ba shi a gidan.

Abin da manyan ba su lissafa ba shi ne, tsohon makaho ne, ba wawa ba. Mutum ne da ke gane katako mai tsutsa da ƙwanƙwasa ɗaya. Ya lura matar Auta ta daina turare. Ya lura takan buɗe famfo ta daɗe a wurin, kuma a ƙarƙashin ƙarar ruwan akwai wata ƙara. Ya ji muryar wani direban unguwa da aka ce shi ma hanya ta rufe da shi, ga shi ya dawo yana ba da labari a titi. Baba ya tattara waɗannan ya auna, kuma da yake duk wanda ya yarda da shi ya tabbatar masa Auta na raye, sai awon ya ba shi amsa ɗaya: yaron lafiyarsa ƙalau, ya samu wurin zama ne ya watsar da iyalinsa.

Addu'ar ta fara sauyawa. Daga "Allah ka dawo da shi lafiya" ta koma "Allah ka shiryi Auta." Bayan wani lokaci, wata magariba, ya gama da Mai Aski sai ya tsallaka kan jikoki. Babu Auta. A faɗi gaskiya, abin da Mai Aski ya fara ji sauƙi ne, don yau babu amin ɗin da zai haɗiye. Sai da ya waiga ya ga matar Auta ta cusa mayafi a baki, sannan ya gane abin da ya faru. Garin neman gira an rasa ido. Gobe ma haka, jibi ma haka, sunan bai dawo ba.

Kowane mako Mai Aski kan yi wa ubansa aski da safe kafin ya fita shago. A baranda ake yi, inda haske ya fi. Ba ya sa masa inji, Baba ya ce ƙararsa na sa shi jin kamar ana yanka katako a kansa. Ruwan ɗumi ne, da sabulu, da burushi, da reza sabuwa. Rannan ya gama da kai, ya shafa kumfa a kumatu da wuya, ya kama haɓar tsohon ya ɗaga, ya fara bi a hankali daga ƙasa zuwa sama.

"Yau da magariba ka tara min kowa," in ji Baba.

"Ai kullum muna taruwa, Baba."

"Yau magana zan yi. A kan ƙaninka."

Mai Aski ya goge reza a tawul.

"Na yi shiru na yi shiru, kada a ce tsoho ya cika ƙorafi. Hanya ta buɗe, na ji waɗanda suka dawo. Ko ba ta buɗe ba, mutumin da ke son iyalinsa ba ya rasa wanda zai ba wa saƙo. 'Yar mutane tana kuka a bakin famfo, tana tsammanin ba na ji. Ni na je na roƙo ta a wurin iyayenta, ni na ce musu amana ce a hannuna. Ban haifi mai cin amana ba. Zan faɗa a gabanta, don ta san ba da yawuna aka wulaƙanta ta ba. Na cire hannuna daga kansa. Bakin da na sa masa albarka da shi tun yana zanen goyo, da shi zan janye ta. In ya ga dama ya dawo, amma ba gidan nan ba, kuma in na mutu kada ya tsaya a kaina."

Rabin fuskar tsohon na cikin kumfa. Rezar na daidai inda jijiyar wuya ke bugawa, Mai Aski yana ganin bugun da idonsa.

To ga inda dabarar masu dabara ta kawo. Yaron da ya mutu a kan neman abincin iyalinsa, yana kwance a ƙauyen da ba wanda ya san shi, yau da magariba ubansa zai yi masa baki a gaban matarsa da 'ya'yansa, kuma a jira su ce amin.

Mai Aski bai tsayar da rezar ba. Abu ɗaya maigidansa na sana'a ya dasa masa tun yana koyo: ba a gaya wa mutum labari reza na jikinsa. Ya ƙarasa askin tsaf, bai bar ko gashi ɗaya ba. Ya wanke kumfar, ya goge da tawul, ya naɗe rezar ya sa a akwati ya tura ƙarƙashin benci. Ya kawo ruwa da ƙwayar maganin safe, ya tsaya har tsohon ya haɗiye. Wayarsa na cikin aljihu, ya ji nauyinta, ya bar ta a inda take. Ya leƙa ya kira matarsa da matar Auta, suka zo suka tsaya a bakin baranda. Matarsa ta dubi fuskarsa sau ɗaya ta gane, ta kama hannun ɗayar ta riƙe.

Ya durƙusa ya dafa gwiwar uban.

"Baba, Auta bai gudu ba. Auta ya rasu. An tare su a hanya aka harbe su. An yi masa sutura, an binne shi a can. Mu muka ɓoye maka."

Babu abin da ya motsa a jikin tsohon sai yatsunsa, da suka riƙa shafa hannun kujera kamar yana neman inda bai yi sumul ba. Can ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita. Mai Aski yana kallon ƙirjinsa, yana jiran abin da aka yi wata da watanni ana tsorata shi da shi. Ƙirjin ya ci gaba da hawa da sauka.

"Yaushe?"

"Tun tafiyar nan da muka ce ya tsallaka iyaka."

"Wa da wa suka sani?"

"Kowa, Baba."

"Har Tela?"

"Shi ya sa ya daina zuwa. Ya ce ba zai iya yi maka ƙarya ba."

"Ashe dai akwai mutum ɗaya a unguwar nan." Ya juya fuska wajen da ya ji numfashin mata. "'Yata, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

"Takaba kika yi a gidana, ina zaune ina tambayarki me ya hana ki dariya?"

Matar Auta ta matso. Ta zube a gabansa ta saki kukan da ta daɗe tana kaiwa bakin famfo, kuka mai sauti, a tsakiyar gidan mijinta, har maƙwabta suka jiyo. Tsohon ya lalubo kanta ya dafa, hawaye na bin kumatun da aka gama askewa.

"Na cire shi daga addu'ata," ya ce. "Yana kwance yana jirana, ni ina nan ina fushi da shi." Sai ya juyo wajen Mai Aski, muryarsa ba ta tashi ba, amma gara a ce ta tashi. "Kai kuma, kai ne idona a gidan nan. Tashi daga gabana."

Ya tashi. Me zai ce? Cewa ba shi ya tsara ba? Shi ya ja sallar, shi ya riƙe ƙaryar, shi ke durƙusawa kullum ya ce har yanzu babu layi.

Kafin azahar labari ya kai wa manyan. Yaya Babba ya kira yana huci, yana tambayar wa ya ba Mai Aski izini, yana cewa in wani abu ya samu Baba a wuyansa yake. Tsohon ya ji daga inda yake, ya miƙa hannu aka sa masa wayar.

"Ni ne, ban mutu ba," ya ce. "Kun ji tsoron kada in faɗi. To da na faɗi da bakina a kan ɗan'uwanku fa, wane likita za ku kira? Wanda ya ba ni shi bai yi shawara da ku ba, da ya karɓa ma bai ce ku riƙe masa saƙo ba. Ku yi wa ƙaninku addu'a. Nas ma ka gaya mata." Ya miƙa wayar ba tare da ya jira amsa ba.

Washegari ya sa aka fitar masa da kujera ƙofar gida. Ya ce ɗansa ya rasu, zai zauna karɓar gaisuwa kamar kowane uba, in ya so duk wanda ya riga ya kai tasa shagon aski ya zo ya sake. Haka unguwa ta riƙa zuwa kai a sunkuye, mutanen da suka yi ta ce masa "Allah ya dawo da shi lafiya" yanzu suna cewa "Allah ya jiƙansa," yana gane kowa da muryarsa. Tsohon Tela ya zo da sandarsa, ya ja benci ya zauna kusa da shi har la'asar.

Gari bai lafa ba. Shingayen na nan, dokar hana fita na nan, harbin ma bai daina ba. Amma gidan ya sauke numfashi. Aka zaunar da yaran aka gaya musu, suka yi kuka, kakansu ya rungume su. Matar Auta ta fara ambaton mijinta a fili, har wata rana ta ba da labarin yadda yake barci da ƙafa ɗaya a miƙe kamar yana taka birki, aka yi dariya har da hawaye. Mai Aski ya koma jan salla a natse. Sai dai uban ba ya yi masa magana. In ya gaishe shi ya amsa a taƙaice, in yana son ruwa ya kira matarsa. Mai Aski ya haɗiye, ya san ya ci bashin wannan.

Aka ɗauki kwanaki a haka. Wata magariba, an sallame, Baba ya ɗaga hannu ya bi manyan biyu, ya bi Mai Aski, da ya iso kan Auta sai ya sauke hannun.

"Kai," ya ce, "matso nan."

Mai Aski ya matsa har gwiwarsa ta taɓa ƙafar kujera.

"Zan tambaye ka abu ɗaya. Ya sha wahala kafin ransa ya fita?"

Amsa mai sanyi na nan kusa, a kan harshe: a'a Baba, nan take ne, bai ma sani ba. Kowa zai so ya ji haka, matar Auta ma ta ɗago kai tana jira. Amma direban da ya kawo labari bai ga lokacin ba, kuma babu wanda ya gani da ya zo ya faɗa.

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Sannan ya lalubo kafaɗar ɗansa, ya bar hannu ɗaya a kai, ya ɗaga ɗayan.

"To," ya ce, "mu roƙa masa kamar ya sha."